Matakala Casa'in da Huɗu

Tsakanin bakin kasuwa da ƙofar gidanmu
matakala casa'in da huɗu ne.
Uwata Herminia ta shekara talatin tana hawansu
da kwandon burodi a kafaɗa,
ba ta taɓa ƙirgawa ba.
Ni ce na ƙirga, daga baya.

A Valparaíso gidaje rataye suke a jikin tudu
kamar shanya a kan igiya,
teku a ƙasa yana lasar duwatsu.

Ran Talata ta ce muƙamuƙinta na ciwo.
Muka ce haƙori ne.
Ran Laraba ta ce bayanta, nan tsakanin kafaɗu,
kamar an manta dutsen guga a kai.
Muka ce kwaɓin fulawa ne, ta rage aiki.
Da asuba ta yi amai,
gumi mai sanyi ya jiƙa wuyan rigarta.
Ta wanke fuska, ta kunna tanda,
wai kada burodin mutane ya makara.

A ƙaramin asibitin unguwa
likita ya tambaye ta ko tana da damuwa.
Ta ce, wace mace ce ba ta da ita?
Ya rubuta maganin ƙwannafi,
ya ce ta sha shayi, ta kwanta.
Ba ta dafe ƙirji ba,
ba ta yanke jiki ta faɗi ba
yadda maza ke yi a talabijin.

An ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.
Ta sani, ta kuma faɗa.
Mu ne muka ce raɓa ce.

Daren Alhamis, a matakala ta arba'in da ɗaya,
ta zauna.
Burodi ya gangara, karnuka suka bi shi.
Yasna, maƙwabciyarmu mai aikin jinya,
tana saukowa za ta aikin dare,
ta ga launin leɓenta,
ta kama wuyan hannunta,
ba ta tambaye ta komai ba, ta kira mota.

Suka manna mata wayoyi a ƙirji,
takarda ta fito da zane mai hawa da sauka
kamar tuddan garinmu.
Suka zura siririn bututu ta wuyan hannu
har zuwa inda jini ya daskare ya tare hanya,
suka kafa 'yar raga ta riƙe ƙofar.
Likitar ta cire hula ta ce mini:
hanya ta buɗe,
amma wani gefen zuciyar ya gaji da jira.
Wannan gefen ba zai dawo ba.

Yanzu da matashin kai uku take barci,
in ta kwanta miƙe ruwa ya taso mata a huhu.
Idon sawunta ya kumbura, takalman coci sun ƙi shiga.
Kowace safiya sai ta hau sikeli
kamar buhun fulawar da take saye.
Mun ɓoye gishiri a saman kabad.
Ƙwayoyi bakwai a cikin murfin kwalba,
ɗaya na tsinka jini,
ko ƙofa ta goge ta sai wurin ya yi shuɗi.
Wani dare zuciyar takan tsallake bugu ɗaya,
mu biyu mu yi shiru
muna jiran na gaba.

Ni ke ɗaukar kwando yanzu.
Ita tana biye, tana hutawa a ta goma sha biyu,
a ta talatin,
a ta arba'in da ɗaya ba ta tsayawa ko kaɗan,
ko da numfashi zai ƙare.

Jiya ina murza ƙullu
na kai hannu ga muƙamuƙina ban sani ba.
Ta dube ni.
Na ce, Mama, haƙori ne.
Ta kashe tanda, burodi bai ko yi ja ba,
ta kwance gyalen aikinta,
ta ce, sa takalminki.