Gurbin Mai Jinya

Asibitin Ulsan, hawa na shida,
ɗakin mutum biyar.
Tagar na kallon filin ƙera jiragen ruwa
inda ƙarfe ya sauko mini a cinya ranar Talata.

Ba zan ci zalinsu ba:
kafin in gama salati sun ɗauki hoton ƙashina,
kafin la'asar sun ɗaure shi da ƙusa huɗu.
Katin inshorar kamfani ya yi magana,
ƙofofi suka yi ta buɗe kansu.
Zanin gado fari fat, ko ƙuda bai san hanyar nan ba.

Sai takarda.
Nas Pyo ta ɗora yatsa a layin ƙarshe,
wayarta ta juya mini tambayar:
wa zai yi jinyarka?
Na rubuta Dilnoza.
Ta ƙirga lambar wayar, ta ɗago.
Namangan, na ce mata. Jirgin sama, sannan mota, sannan biza.
Ta ja layi a gurbin, a hankali,
kamar mai tsoron kada biro ya fama mini ciwo.

A nan kowane gado na goye da ƙaramin gado a ƙarƙashinsa.
Dare na yi, a jawo shi:
mata, ɗa, suruka mai hamma.
Nawa ya kwana uku bai ga fitila ba.

Da asuba su tambaya:
daga ɗaya zuwa goma, nawa ne ciwon?
Na ɗaga yatsu uku.
Bakwai ne.
Baƙo ba ya son ya zama kaya,
kuma ban san sunan irin wannan zugi da harshensu ba,
wanda ke farawa a ƙashi ya ƙare a ƙofar gidanmu.

Ruwa na kan tebur, taku biyu.
Na dube shi tun sha biyu har ƙarfe huɗu.
Ga maɓallin kira a hannuna,
amma wa ke tada mai aiki saboda ƙishirwa?

Tsohuwa Ok-bun ce ta gani,
matar masuncin gado na biyu,
mai doro, mai faɗa da kowa har da talabijin.
Ba ta tambaye ni lamba ba.
Ta miƙo kofi, ta tsaya sai da na shanye.
Da rana ta zo da miyar ganyen teku,
na ga nama na lilo, na kau da kai.
Ta harare ni.
Ta kafa yatsu biyu a ka, ta yi kukan saniya
har mijinta ya farka yana zagi.
Na yi dariya, ɗinki ya rama.

Kwana tara tana mini faɗa,
ban ji ko kalma ba, kuma na ji duka.

An sallame su ina barci.
Na tashi na tarar da cokalinta a kan tebur,
naɗe a hankici.

Yau takardar kuɗi ta zo, shafi biyu:
ƙusa, hoto, allura, har audugar da aka goge ni.
Na bi ta da yatsa sau biyu.
Babu cokali.

Da dare Dilnoza ta kira,
muryarta na yankewa:
asibitin nasu yana da kyau?
Na ce yana da kyau.
Ta ce to wa ke ba ka ruwa?