Agege Daga Sama

Kwamfutar hannu guda ɗaya, yara arba'in da uku,
gilashinta ma ya tsage a kusurwa.
Na buɗe taswira, na ce ku matso,
yau lissafi ya sauka daga allo.

Sai ga Agege yadda shirwa ke ganinta:
rufin kwano duk tsatsa, kafaɗa da kafaɗa,
layin dogo ya ratsa tsakiya
miƙe sak, kamar da rula aka ja shi.

Morenike ta ɗora yatsa a ƙofar makaranta,
ta ja layi har rumfar tattasan uwarta.
Mita ɗari takwas da hamsin.
Zuwa da dawowa fa? Sau biyar a mako fa?
Aji ya yi tsit, sai fensira ke kartar takarda.
Dubu takwas da ɗari biyar!
Ta duba dunduniyar silifas ɗinta,
ta ce, ashe shi ya sa.

Tasi'u bai yarda ba.
Malama, na'urar nan ba ta taɓa hawa danfo ba.
Wai minti goma sha biyu zuwa Ikeja,
babana kuwa awa guda yake yi.
Na ce to, ɗebe.
Arba'in da takwas.
Ina suka shiga?
Cunkoso ya cinye, Malama, ko ƙashi bai rage ba.

Barira ce ta ƙarshe, ba ta cika magana ba.
Ta yi ta jan hoton har bakin magudanar ruwa,
ta tsaya kan wani ɗan rufi mai ruwan toka.
Ga gidanmu.

Na san layin.
Na san katafila ta bi ta nan bara.
Hoton ne ya tsufa, labari bai iske shi ba.

Ban ce komai ba.
Ta auna tsawo, mita shida. Faɗi, huɗu.
Ta rubuta ashirin da huɗu,
ta ɗora ɗan biyun nan a sama
yadda na koya musu ranar Talata.
Mu bakwai ne a ciki, in raba?
Na ce raba.

Uku, saura uku.

Ta daɗe tana kallon sauran.
Nan ne wurin randa, in ji ta,
da keken ɗinkin Inna.

Aka kaɗa ƙararrawa, caji saura kashi huɗu.
Na ɗauki jan biro na sa mata daidai.
Alamar ta ɗan karkace.