Awon Dare

Shekara ashirin da bakwai igiyar awo na wuyana,
a rumfata, kan hanyar Tibiri.
Na auna kafaɗar alhazai, na auna wuyan angwaye,
ban taɓa auna yatsa ba.

Zabeiru ne ya kawo zancen,
ɗan ƙanwata mai karatu a jami'a.
Ya zauna kan buhun ƙyallaye, yana hura shayina,
ya ce: Kawu, wai wasu masu bincike sun ce
a dubi manuniya, a dubi yatsan zobe,
wanda ya ɗara wani, shi ke tona asiri.
Wai tun a ciki aka rubuta.
Wai nan ake gane yaro mai galahanga,
wai har wanda zuciya za ta so, mace ko namiji.
Ya yi dariya, ya ce shi ma bai gaskata ba.
Ni kuwa zarena ya tsinke a cikin allura.

Don ina da Tsahiru.
Shekara tara, bai taɓa ce mini Baba ba.
Maɓallai yake jerawa a bakin ƙofa,
fari da fari, baƙi da baƙi,
ka gusar da ɗaya, gida ya kama da kuka.
Mun ba shi rubutu, mun hau mota har Yamai,
Barira ta sayar da jar akuyarta
mai haihuwar tagwaye.
Kowa ya ba mu magani,
babu wanda ya ba mu dalili.

Daren nan wuta ta ɗauke a Bagalam.
Na riƙe tocila da haƙora,
na buɗe hannunsa yana barci,
hannu mai ƙanshin tsamiya da ƙasa.
Manuniya: santi biyar.
Yatsan zobe: biyar da ɗan ƙari, kamar ƙwayar gero.
Na rubuta a bayan kwalin sukari
kamar wanda ya kama ɓarawo.
Sai na auna nawa.
Ƙwayar geron nan tana nan.
Na auna na Barira, ta farka, ta ce
Illiya, zobe za ka saya mini a wannan tsufan?

Gari ya waye, abin ya zame mini ƙaiƙayi.
Na auna mai kabu-kabun da ke kawo mini yadi,
na auna mai ƙuli-ƙuli, na auna ladanin unguwa.
Wani dogo nan, wani dogo can,
na wani ma dama da hagu ba su jitu ba.
Ana ta dariya a rumfa, kowa na miƙo hannu.

Har na zo kan Na'allah,
yarona mai surfani, wanda duk layin nan
ba mai hannunsa a kan aska.
Shi ne ake yi wa ƙus-ƙus in ya wuce,
don tafiyarsa, don sanyin muryarsa.
Ya mayar da hannuwansa baya.
Dariya ta tsaya, idanu suka taru.
Na ga leɓensa na rawa.
Nan na ji igiyar ta yi nauyi a hannuna
kamar almakashi a buɗe.

Na naɗe ta. Na ce, kai, aiki na jira,
rigar Alhaji Nomau ba ta ɗinka kanta.

Da magariba na tarar da Tsahiru a bakin ƙofa.
Na zauna nesa kaɗan, yadda ya fi so.
Kwalin sukarin, Barira ta hura wuta da shi.
Ya zare igiyar daga wuyana,
ya murɗe ta kamar dodon koɗi,
ya ajiye ta a ƙarshen layi.
Sannan, bai dube ni ba,
ya kama yatsana, na zoben nan,
ya ɗora shi kan shuɗin maɓalli
ya danne.
Na bar shi a wurin har aka kira lisha.