Zarar Bunu a Valparaíso

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso,
hazon teku ya haɗiye fitilun kan tudu,
Ximena Oyarzún ba ta tafi gida ba.
Kwantena guda, cike da kwalayen inabi,
ta hau ma'auni da tan ashirin da shida,
ta sauka a takarda da ashirin da biyu.
Babu ɓarawo. Ta bi sawu har ta gano:
wani layi can a ƙuryar manhaja
ya ari lambar don ya cire nauyin ƙarfe,
ya manta aro ne, ya goge ta asali.

Sabon zubin harshen na da maganin wannan.
Kalma ɗaya za ka ɗora a kan mazubi,
duk abin da aka zuba a ciki ya daskare:
nauyi, lamba, sa'ar da aka auna.
Kana son sauyi? Zuba sabo, ƙyale wancan.
Biyu masu ciki iri ɗaya kuwa ɗaya ne,
kwabo da kwabo, ba a tambayar wanne.

Amma na'urar tashar ta shekara sha huɗu,
ba ta san kalmar ba,
kuma maganarta kaɗai injinan ɗaga kaya ke ji.
A taɓa ta, jirage shida su kwana jira.

Sai Ximena ta zauna saƙawa da hannu
abin da sabon zubi ke bayarwa kyauta.
Ta toshe ƙofa, ta tarar da taga a buɗe.
Ta toshe taga. Jerin da ke ciki
har yanzu ana iya zura masa hannu,
ta kwafe shi, ta garƙame kwafin.
Layi ɗari da goma a madadin kalma ɗaya.
Kofi ya huce sau uku.

Da asuba Don Evaristo ya hauro da burodi mai zafi,
shi ya rubuta layin nan tun gashinsa na baƙi.
Ya gwada sauya nauyi, don dai ya gani.
Na'urar ta ƙi, da jan rubutu, cikin tsohuwar muryarta.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Da na san ana iya koya mata cewa a'a,
da na daɗe ina barci," in ji shi.

Lamba ta zama zarar bunu yanzu,
ta fita, ba ta komawa.
Ximena ta gutsuri burodi, ta leƙa ƙasa:
ana ɗaga kwantenar a hankali,
ashirin da shida a ma'auni,
ashirin da shida a takarda.