Inuwar Suna

A Antofagasta, bayan ɗakin gwaji,
inda teku ke tofa gishiri a ƙofar kwano,
mu goma sha ɗaya muka shekara biyu
muna goge wata aba mai kama da faranti
da aka ɗora bisa ƙafa uku.
Mun ce mota. Mai gadi ya ce kwale-kwale.
Abincinta guda ne: rana.

Ni aka ba tuƙi,
ba don hannuna ya fi na kowa ba,
sikeli ne ya zaɓe ni:
kilo arba'in da bakwai, har da takalmi.
Yerko yana auna kowace ƙusa,
ya ce ko tunani in rage kafin in shiga.

A wata na bakwai aljihu ya bushe.
Batir babu, tayoyi na aro.
Wasiƙa sittin da huɗu muka aika,
uku suka dawo: biyu da "a yi haƙuri",
ta ukun daga masu haƙar tagulla.

Sun zo ran Talata,
da takalman da ba su taɓa taka baƙin mai ba.
Madam Berríos ta zagaya motar sau biyu,
ta buɗe jaka, ta warware zane:
sunan kamfani, harafi tara,
kwance a gadon bayan motarmu,
daidai inda gilasai ke shan rana.

Yerko ya durƙusa da alli a siminti.
Kowane harafi inuwa ce tafi biyu,
kowace inuwa gudu ne da aka yanke,
tara ɗin nan, minti arba'in ne a hamada.
Ta ce, "Masu hoto daga sama suke kallo."
Ya ce, "Ita ma rana daga can take kallo."
Ba wanda ya yi dariya.

Kowa ya ci ladan kuturu, an san sauran.
Kwana tara muna ciniki kamar a kasuwar kifi.
Muka ƙwaci bayan, muka ba da haƙarƙari,
muka ba da riguna, huluna, rumfa,
muka ba da sunan da muka raɗa mata,
na wani jan fure da ke jiran ruwa shekaru.
Batir ya iso a akwatin katako.
Na rungume shi. Ba zan ɓoye ba.

Amma akwai Don Eulogio mai gidan burodi,
wanda ya ba mu tanderunsa dare goma sha biyu
mu gasa gangar jikinta gaɓa-gaɓa.
Sharaɗinsa ɗaya: ku share kafin ƙarfe huɗu.
Ba shi a takardar yarjejeniya.
Na shiga ƙarƙashi da jan farce
na rubuta sunansa a cikinta,
inda kwalta kaɗai ke iya karantawa.

Ranar tsere, Atacama ta buɗe baki.
Ina kwance kamar wasiƙa a ambulan,
gumi na shiga ido, sitiyari na rawa,
manyan motocin ma'adinai na wucewa
iskarsu na mari na hagu da dama.
Na wuce ramin da babana ya baro da tari,
ɗauke da sunan masu ramin a haƙarƙarina,
da wutar da kuɗinsu ya saya.
Ban san ko godiya zan yi ba.
Na dai ƙara taka ta.

Na huɗu muka zo.
Hotonmu na kalandarsu, watan Maris,
haƙora a waje, harafi tara tsaf.

Abin da hoton bai ɗauka ba:
da azahar, can wajen kilomita ɗari uku,
da jikin motar ya gasu sosai,
sai ƙamshi ya taso ta ƙarƙashin kujera.
Na gaya wa Yerko ta rediyo.
Ya ce zafi ne ya taɓa min kai,
in sha ruwa, in duba batir.
Na sha. Na duba.
Burodi ne.