Awon Hannu

Sheffield gari ne na hawa da gangara.
Duk wanda ya ce kilo uku ba nauyi ba ne,
bai taɓa saɓa shi daga tashar bas zuwa ƙofar Misis Doreen ba,
ruwa na tsuga, laima a hagu, jaka a dama,
kafaɗa na ƙirga matakala ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar kwamfutata gadon Sagir ce.
Ta gama masa digiri, ta dawo ta tare a bayana.
In na kunna ta, sai gurnani kamar injin markaɗe,
batirin kuwa ko rabin darasi ba ya kai ni.
Ga shi ajina kujerar baya ce a bas,
minti ashirin tsakanin tsohuwa da tsoho,
na gama yi wa wannan wanka, ban kai ga shayin wancan ba.
Jarrabawar jinya saura wata huɗu.

Ran Asabar na shiga shago.
An jera su a kan tebur, baki buɗe,
kowace da igiya a ƙafa kamar awaki ranar kasuwa.
Yaron shagon, Callum, mai ɗan kunne guda,
ya fara zubo mini lissafi: ƙwaƙwalwa kaza, gudu kaza.
Na ce, dakata ɗana,
miƙo in ɗaga.

Shekara talatin innata na sayar da man shanu a Malumfashi,
ba ta taɓa mallakar sikeli ba.
Ta ɗora a tafi, ta lumshe ido, ta yanka kuɗi,
ba mai ja.
Hannun nan na gada, shi na shimfiɗa.

Ta farko allo ce zalla, ba madannai,
sakayau kamar faifai.
To amma shafi goma a kan gilashi,
da yatsun da sabulu ya tsattsage? Ina!

Ta biyu farar azurfa, siririya, sai ƙyalli.
Na leƙa farashi,
na mayar da ita a hankali, kamar jaririn mutane.
Hayar wata biyu ba ta shiga jaka.

Ta uku na can ƙurya, ’yar baƙa, ba ta fi littafin rajista ba,
da ɗan tabo a kusurwa.
An rage mata kuɗi, wai wani ya saya ya maido.
Na ce, ashe bazawara ce.
Callum ya yi dariyar ladabi, bai ji komai ba.

Na zuge jakata a gabansa:
fulas, safar hannu, rigar aiki, dabino bakwai a leda,
caja, carbi, katin bas.
Ya kwance mata igiya, na zura ta ta gefe.
Zif ya rufe bai yi gardama ba.

Saura magana ɗaya.
Na fito da ita, na nemi ƙugiyar haruffanmu, babu.
Na so in rubuta ƙasa, ta ce kasa.
Na so in ce baƙo, ta tsaya tana ja mini jan layi.
Callum ya sunkuya, ya tona cikinta, ya tona,
sai ya ɗago: “Wannan ne?”
Ga sunan harshena nan a jeri, tsakanin baƙin harsuna,
ya riga ni zuwa, yana zaune yana jira.
Na biya. Ban ko nemi ragi ba,
Inna ta yafe mini.

Litinin da asuba, hawan nan dai na kullum.
Rabin tudu na ci birki, gabana ya faɗi:
na bar ta a bas!
Na laluba jaka cikin ruwan sama.

Tana nan, kusa da dabino.
Kafaɗata ce ba ta ba ni labari ba.