Tarin Lauje

A Ƙofar Marusa nake gyaran lasifika yanzu,
ni Mamuda, da ake kira Lauje
don bakina na yankan baiti kamar ciyawar damina.

Faifai dubu muka buga a shekarar.
Muka loda a baro, muka zaga kasuwa,
hotona a bangon shagon aski, hula a karkace.
Ragowar suna rataye a gonar yayana,
suna ƙyalli, suna korar tsuntsaye daga gero.

Jiya Shuraihu ya kawo akwatin sautinsa.
Yana jira, yana rera wani abu a waya.
Na ji salona tsaf,
har da tarin da nake yi kafin amshi.
Asma ce, yaro, ba fasaha ba.

Ya ce, "Baba, daƙiƙa sha biyar ake so,
ka sa rawa, ka ambaci kamfanin lemo,
kuɗi su shigo kafin ka rufe baki."

Sha biyar!
Ni ko gaida unguwarmu ban gama ba.

Ban ce masa nawa ne ba.
Ni ma a tashar Batsari na tsince shi,
bakin wani ɗan gambara mai haƙori ɗaya,
kuma ban taɓa komawa da goro ba.

Na ɗaure wayar da ta tsinke, na kunna.
Kiɗa ya daki ƙirjina,
kafaɗa ta amsa, gwiwa ta ƙi.

Na karɓi ɗari biyar.
Ya tafi yana tari
daidai inda nake tari.